Abebe Bikila: Sojan Habasha da ya cinye gudun kilomita 42 ba takalmi

Da yammacin ranar Asabar, 10 ga Satumban 1960, mutum 69 suka jeru a tsakiyar birnin Rum na ƙasar Italiya suna jiran a ba su umarnin fara gudun fanfalaki na gasar Olamfik. A cikinsu akwai wani siririn soja daga Habasha mai lamba 11 a ƙirji, wanda ko 'yan jaridar wasanni ba su san da zamansa ba. Abu guda ne ya sa aka riƙa kallonsa: ƙafarsa babu takalmi.

Bayan sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, wannan soja, Abebe Bikila, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinare a tarihin Olamfik. Lokacin Nijar tana da mako biyar da samun 'yancin kai, Najeriya kuma saura mata mako uku.

Labarin rashin takalmin ne ya fi yawo a bakin mutane. Amma ga duk wanda ya taso a karkarar jihar Maradi, irin su Sae Sabuwa a gundumar Gidan Rumji, wannan ba wani abin mamaki ba ne. Yara nawa ne ke bin dabbobi tun hantsi har la'asar a kan rairayi mai zafi, ga ƙarangiya, ga ƙaya, ba tare da sun san ana kiran wannan jarumta ba? Abin da ya fi dacewa a duba a rayuwar Abebe shi ne yadda ya iya lallaɓa jikinsa a tseren da zafi ya sha hallaka mutane a cikinsa, da kuma yadda ƙafar da ta ɗaukaka shi ta juya masa baya daga baya.

Daga kiwo zuwa fadar sarki

An haifi Abebe ranar 7 ga Agustan 1932 a ƙauyen Jato da ke lardin Shewa. A wannan rana ce aka yi gudun fanfalaki na Olamfik a Los Angeles ta Amurka. Yana ɗan shekara uku sojojin Mussolini na Italiya suka mamaye Habasha, kuma ba su fita ba sai 1941. Ya taso yana kiwo, yana kuma buga gena, wani wasa irin na ƙwallon gora da samarin ƙasar ke yi a fili mai faɗi.

Wajen 1952 ya sauka Addis Ababa ya shiga rundunar da ke tsaron Sarki Haile Selassie. A can ne ya haɗu da Onni Niskanen, wani ɗan ƙasar Suwidin da gwamnatin Habasha ta ɗauko domin horar da dakarunta wasanni. Niskanen ya ga abin da ke jikin yaron, ya ɗora shi kan tsari: dogon gudu a kan duwatsun Sululta, gudu mai sauri a gajeren zango, sannan hutu. A 1956 Abebe ya zo na biyu a gasar sojoji, a bayan Wami Biratu. A Agustan 1960 kuma ya gama gudun fanfalaki a Addis Ababa cikin sa'a 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, lokacin da ya fi wanda Emil Zatopek ya kafa a Olamfik ta 1952. Turawa ba su ɗauki labarin da muhimmanci ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, wato a ɗauka duk ɗan Afirka ɗan zafi ne. Addis Ababa tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 2,300, gari ne mai sanyi da ƙarancin iskar shaƙa. Ranar da ake kira mai zafi a can, a Maradi ko Damagaram sai a ce yau gari ya yi daɗi. Abin da tudun ya ba Abebe shi ne huhu da jini masu jure wahala. Zafi kuwa, shi ma baƙo ne gare shi kamar yadda yake ga ɗan Ingila.

Tseren da ya saba cin mutane

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, tafiyar yini guda ga mai tafiya a ƙasa. Tun farkon gasar Olamfik ta zamani wannan tsere ya yi ƙaurin suna idan ya haɗu da rana. A 1904 a St. Louis, cikin zafi da ƙura, mutum 32 suka tashi, 14 kacal suka kai ƙarshe. Biyu daga cikinsu, Len Taunyane da Jan Mashiani, 'yan ƙabilar Tswana ne daga kudancin Afirka. A 1912 a Stockholm, Francisco Lázaro na Fotugal ya shafe jikinsa da maiƙo don kare fata daga rana. Gumi ya kasa fita, ya yanke jiki ya faɗi wajen kilomita 30, washegari ya cika. A 1954 kuma, a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Vancouver, Jim Peters ya shigo filin wasa yana gaba da kowa da tazara mai yawa, amma zafi ya riga ya gama da shi, ya yi ta faɗuwa yana tashi har aka ɗauke shi bai taɓa layin ƙarshe ba.

Dokar wancan zamani ma ba ta taimaka ba, domin ba a yarda a miƙa wa mai gudu abin sha ba sai ya ci kilomita masu yawa, kuma 'yan gudu da dama suna ganin shan ruwa a hanya ragwanci ne.

A gasar Rum ɗin kanta, ranar 26 ga Agusta, wani matashi ɗan Denmak mai tseren keke, Knud Enemark Jensen, ya faɗi a tsakiyar tseren kilomita 100 cikin tsananin rana, ya mutu a ranar. Don kauce wa zafi ne aka tsara gudun fanfalakin ya tashi da ƙarfe biyar da rabi na yamma, ya ƙare cikin dare.

Daren Rum

Takalmin da Abebe ya samu a Rum bai yi masa daidai ba, ya tayar masa da bororo a gwaji. Sai ya ajiye shi. Ya saba atisaye ba takalmi, tafin ƙafarsa ya yi kauri. Wannan shawara ce ta mai hankali: bororo a kilomita 10 kan zama gyambo a kilomita 30, kuma mutum yana fara ɗingishi don kare ciwo, nauyi zai koma kan wata jijiyar da ba ta saba ɗauka ba.

Niskanen ya faɗa masa lambobin waɗanda zai sa wa ido, ciki har da lamba 26 ta Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Amma a ranar Rhadi ya saka lamba 185. Wajen kilomita 15 mutum huɗu ne a gaba: Abebe, Rhadi, Arthur Keily na Birtaniya da Aurèle Vandendriessche na Beljiyam. Daga kilomita 20 zuwa gaba saura biyu. Abebe ya yi ta gudu yana neman mai lamba 26 a gabansa, alhali mutumin yana kafaɗa da kafaɗa da shi.

Duhu ya same su a kan Via Appia, tsohuwar hanyar dutse da Rumawa suka shimfiɗa sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Sojojin Italiya suka jeru a gefe riƙe da wutar jiniya suna haska hanya. Kusa da ƙarshe akwai hasumiyar Aksum, wani dogon dutse sassaƙaƙƙe da sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum. Tun kafin ranar, Abebe da kocinsa sun zaga hanyar sun kuma yi alama da wannan wuri. A cikin waɗannan kilomita biyu na ƙarshe ne ya ƙara wuta, ya bar Rhadi da daƙiƙa 25, ya gama a gindin ƙofar tarihi ta Constantine. Ya karya bajintar duniya ta Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet da ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Hasumiyar kuwa ba ta koma gida ba sai 2005.

Da ya koma Addis Ababa aka yi masa tarba ta sarauta, aka ba shi lambar girma da muƙamin kofur. Daɗin bai daɗe ba. A Disambar 1960, Sarki Haile Selassie yana ziyara a Brazil, kwamandan rundunar tsaron fada Mengistu Neway ya yi yunƙurin juyin mulki. Yunƙurin ya wargaje, aka rataye kwamandan, aka watsa rundunar. An tsare Abebe na ɗan lokaci aka yi masa tambayoyi, sannan aka sake shi.

A 1961 ya ci tsere uku: Athens, Osaka da Košice. Na Athens ne na ƙarshe da ya yi ba takalmi. Na Osaka kuwa ya faɗo a ƙarshen watan Yuni, lokacin da gumi ke tsananta a Japan, kuma ya gama shi a sa'a 2 da minti 29, wato ya yi jinkirin minti 14 a kan lokacinsa na Rum. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, amma yanayi daban. Bai yi jayayya da rana ba, ya rage gudu daidai da abin da garin ya ba shi, kuma duk da haka shi ya zo na ɗaya.

Ranar da ƙafa ta ƙi a Boston

Ranar 19 ga Afrilun 1963 Abebe da abokin aikinsa Mamo Wolde suka shiga tseren Boston a Amurka. Kowa ya ba su nasara tun kafin a tashi. Su ma sun fita da wuta, sun yi kusan kilomita 29 suna gudun da ba a taɓa gani ba a wannan hanya. Sai ga tuddan Newton, ga kuma wata iska mai sanyi da ta taso daga teku. Jijiyoyin ƙafar Abebe suka ɗaure. Vandendriessche, wanda ya bari a baya a Rum, ya zo ya wuce shi ya ci tseren. Abebe ya lallaɓa ya zo na biyar, Mamo na 12. Wannan ne kaɗai tseren ƙasa da ƙasa da ya kai ƙarshensa bai ci ba.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Yawancinmu mun ɗauka ɗaurewar jijiya aikin zafi ne kawai: an yi gumi, ruwa da gishiri sun fita, nama ya murɗe. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga mai yawan gumi da ke daɗewa a rana. Amma masana wasanni da dama a yau sun fi karkata ga wani dalilin, wato gajiyar naman jiki. Idan aka tilasta wa tsoka yin aikin da ya wuce abin da ta saba, saƙon da ke tafiya tsakaninta da laka yakan rikice, sai ta cije ta ƙi saki. Shi ya sa abin ya fi kama mutane a kashi na ƙarshe na tsere, ya fi kama waɗanda suka fita da gaggawa, kuma ya fi tasowa a hawa da gangara. Zafi yana hanzarta gajiyar ne. Gwarzon duniya ya tsallake Rum da Osaka lafiya, sai a garin sanyi ƙafa ta ƙi shi, ranar da ya yi gaggawa a hanyar da bai sani ba.

Maganin farko bai canza ba tun zamaninsa: a tsaya, a miƙe ƙafar a hankali, idan sha-raɓa ce a jawo yatsu sama wajen ƙwauri a riƙe har ta saki, a taka kaɗan, sannan a ci gaba da gudun da bai kai na da ba. Murza wurin da ƙarfi ko ci gaba da gudu a haka yana iya yaga naman. Abin da ba a wasa da shi kuwa shi ne mai gudu ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa. Wannan ya wuce batun jijiya, zafi ne ya hau kai, kuma sai an kwantar da shi a inuwa an jiƙa shi da ruwan sanyi an nemi likita nan take. Ina faɗar haka ne saboda samarin da nake gani suna gudu a bakin titi a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wasu har da rigar leda wai don su rage ƙiba ko su shirya shiga soja. Rigar ledar nan da maiƙon Lázaro duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Tokyo, kwana 35 bayan tiyata

Japan ta ɗage gasarta ta 1964 zuwa Oktoba don kauce wa zafin bazararta. Ana saura 'yan makonni, Abebe ya kamu da ciwon ciki a wurin atisaye, kuma ranar 16 ga Satumba aka yi masa tiyatar cire afendis. Mutane da yawa sun cire shi daga lissafi. Shi kuwa ɗinki bai gama warkewa ba ya fara sassarfa a harabar asibiti da dare.

Ranar 21 ga Oktoba ya tsaya a layi, wannan karon da takalmin Puma da farar safa. Darasin Boston ya zauna masa. Ron Clarke na Ostireliya da Jim Hogan na Ireland suka fita da gudu mai zafi, ya bar su na ɗan lokaci, sannan ya taddo su a natse. Bayan rabin hanya shi kaɗai ne a gaba. Hogan ya ƙare a zaune a bakin titi, Clarke ya zo na tara. Abebe ya gama a sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, sabuwar bajintar duniya, ya bai wa Basil Heatley na Birtaniya tazarar sama da minti huɗu. Maimakon ya zube, sai ya koma kan ciyawa ya kwanta yana motsa jiki, yana miƙe ƙafafu yana juya su sama kamar mai tuƙa keke, dubban 'yan kallo suna tafi. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan tsere sau biyu a Olamfik.

A wannan gasa ce Nijar ta fara halartar Olamfik, da ɗan dambe guda, Issaka Dabore. A nan ne kuma Najeriya ta samu lambarta ta farko ta hannun ɗan dambe Nojim Maiyegun.

Sarki ya ƙara wa Abebe girma zuwa laftana, aka ba shi mota ƙirar Volkswagen Beetle. Ya ci gaba da cin tsere har zuwa na Seoul a Oktoban 1966, wanda shi ne nasararsa ta ƙarshe.

Daga nan ƙafa ta fara karɓar bashinta. A Yulin 1967 ya ji ciwo a cinya a tseren Zarautz na Sifaniya, bai gama ba. Ya isa Mexico a 1968 yana neman zinare na uku, amma likitoci suka gano siririn ƙashin da ke gefen ƙwaurinsa ya tsage. Duk da haka ya tashi tare da kowa ranar 20 ga Oktoba, da ƙarfe uku na rana. Wajen kilomita 16 ya fita daga hanya. Mamo Wolde, mai shekara 36, shi ya ci, zinaren ya sake komawa Habasha karo na uku a jere. A wannan tsere ne John Stephen Akhwari na Tanzaniya, bayan ɗaurewar jijiya da faɗuwar da ta gurɗa masa gwiwa, ya shigo filin wasa yana ɗingishi da bandeji, sama da sa'a guda bayan Mamo.

Shekara huɗu a keken guragu

Daren 22 ga Maris ɗin 1969, Abebe, wanda ya riga ya zama kyaftin, yana tuƙa motarsa a kan hanyar komawa Addis Ababa sai ta ƙwace ta kife. A ciki ya kwana, sai da gari ya waye aka ciro shi. Ya karye a wuya, jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ya yi wata takwas. Hannuwa sun dawo, ƙafafu ba su dawo ba.

Bai zauna jiran tausayi ba. A 1970 ya shiga gasar masu buƙata ta musamman a Stoke Mandeville, ya yi harbin kwari da baka da ƙwallon tebur. A 1971 aka gayyace shi Norway a matsayin ɗan kallo, ya ce shi ma zai shiga, ya kuwa ci tseren keken da karnuka ke ja a kan dusar ƙanƙara, mutumin da bai taso ya san dusar ƙanƙara ba.

A 1972 aka gayyace shi gasar Munich a matsayin babban baƙo. Yana zaune a kekensa ya ga Mamo Wolde, mai shekara 40, ya ci tagulla, kuma Frank Shorter na Amurka da ya ci zinaren ya tako har inda yake ya yi musabaha da shi. A wannan gasa ce Issaka Dabore ya ciyo wa Nijar tagulla, lambar da ta zauna ita kaɗai har 2016 da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a taekwondo.

Abebe Bikila ya rasu ranar 25 ga Oktoban 1973 a Addis Ababa sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda ke da nasaba da hatsarin. Yana da shekara 41, ya bar matarsa Yewebdar da 'ya'ya huɗu. Dubun dubatar mutane suka halarci jana'izarsa, ciki har da Sarki Haile Selassie, aka binne shi a maƙabartar cocin Saint Joseph.

Matsalar da ya yi fama da ita ba ta bi shi kabari ba. A gasar duniya ta Doha a 2019 da tsakar dare aka fara tseren mata don gudun zafi, amma 28 cikin 68 ba su kai ƙarshe ba. Ganin haka aka ɗauke tseren Olamfik ta Tokyo daga babban birnin aka kai shi Sapporo da ke arewa, kuma a can ma maza 30 suka tsaya a hanya.

A Maris ɗin 2010, shekara 50 bayan daren Rum, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena yana gaba a tseren fanfalakin birnin. Saura mita 300 ya kai layi, ya tsaya ya cire takalmansa, ya ƙarasa da ƙafa.